Kafin Ka Shanye Wa Jarumarka Ƙafa, Ka San Hanyar Jijiya

 

Akwai wani fage da ya zama ruwan dare a labaran da ake sakawa a zaurukan WhatsApp da Wattpad, har da wasu da aka buga a takarda. Muguwar kishiya ko uwar miji ta gama cin karenta babu babbaka, asirinta ya tonu, sai ta yanke jiki ta faɗi. Likita ya fito yana share gumi ya ce ɓarin jikinta ya shanye, kowa ya ce alhaki ne. Ko kuma jarumi ya yi hatsarin mota, aka ce lakarsa ta tsinke, ya shekara biyu a keken guragu, ranar da za a ɗaura wa masoyiyarsa aure da wani sai ya zabura ya miƙe ya taka da ƙafafunsa. Mai karatu ya yi hamdala, a rufe babi.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne: marubucin da zai kwantar da mutum a labarinsa, wajibi ne ya san yadda motsi ke faruwa a jikin ɗan Adam, da abin da ke biyo baya idan hanyar motsin ta lalace. Dalilanmu biyu ne. Na farko, masu karanta mu su ne masu jinyar iyaye da mazaje da 'ya'ya a gidaje, kuma abin da suka saba gani a labari yana bin su har bakin gadon mara lafiya. Na biyu, gaskiyar lamarin ta fi ƙagen daɗin karatu.

Mu fara da kalmar kanta. Bahaushe na kiran abubuwa uku da suna ɗaya. Hanyar da jini ke bi jijiya ce. Igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige, ita ma jijiya ce. Sannan ga farin zaren da ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, shi ma jijiya. Idan marubuci ya ce "jijiyarsa ta tsinke" bai faɗa mana komai ba tukuna, domin ta farko jini za ta zubar, ta biyu gaɓa za ta saki, ta uku kuwa ji da motsi za ta ɗauke. A nan ta ukun muke nufi, kuma za mu kira ta jijiyar saƙo.

Yanzu ɗan'uwa dubi babban yatsanka da kake tura wannan rubutu sama da shi. Kafin ya motsa, umarni ya taso daga wani ziri na saman ƙwaƙwalwa, wanda ya faro daga tsakiyar kai ya gangaro wajen kunne. Ya bi ta gindin ƙwaƙwalwa, ya shiga laka, wato farin abin nan da ke cikin ramin ƙashin baya. A cikin laka ya miƙa saƙon ga wata jijiyar ta biyu, ita kuma ta fita ta tsakanin ƙasusuwan wuya, ta bi hammata, ta ratsa dantse, ta isa tsokar da ke jan yatsa. Jijiyoyi tagwaye 31 ne ke fita daga laka, wasu tagwaye 12 kuma daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, su ne masu kula da ido da fuska da harshe da haɗiya. Mafi saurinsu na kai saƙo a gudun da ya kai mita 120 cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ba ma jin tazara tsakanin niyya da aiki.

Mu kwatanta da abin da muka sani. Ƙwaƙwalwa ita ce fada, laka hakimi, tsokoki kuma talakawan gari. Sarki ba ya zuwa ƙofar kowa da kansa. Yana aika wa hakimi, hakimi ya aika cikin gari. Labarin abin da ake ciki a gari ma ta wannan hanya yake komawa fada: zafi, sanyi, taɓawa, da inda kowace gaɓa take a yanzu. Wannan rahoto ne ke sa ka iya kai loma baki a cikin duhu ba tare da ka kai ta hanci ba. A ƙeya kuma akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsi don kada ya wuce gona da iri. Idan ita ta samu matsala, mutum na da ƙarfinsa amma sai ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu.

Muhimmin abin da marubuci zai riƙe shi ne, ciwon ya danganta da inda hanya ta yanke. Idan tsakanin fada da hakimi ne, kamar a shanyewar ɓarin jiki ko raunin laka, hakimi na nan da ransa amma babu mai tsawata masa. Da farko gaɓar takan saki, bayan kwanaki ko makonni sai ta sandare. Hannu ya lanƙwashe ya manne da ƙirji, yatsu su dunƙule, ƙafa ta miƙe ƙiƙam, mutum ya riƙa zagayo da ita gefe idan zai taka. Wani lokaci ƙafar da mai ita ba ya iya motsawa sai ta zabura da kanta idan an taɓa ta, 'yan uwa su yi murna su ce sauƙi ya zo, alhali laka ce ke aiki ita kaɗai. Idan kuwa hakimin ne ya mutu, ko hanyar da ke tsakaninsa da gari ta yanke, gaɓar takan yi laƙwas, tsokar ta zube, ta rame ƙwarai cikin 'yan watanni.

Shan inna misali ne na wannan na biyu. Ƙwayar cutar tana kashe jijiyoyin motsi da ke cikin laka, ta bar na ji. Saboda haka ƙafar yaron siririya ce mai laushi, amma idan ka mintsine ta zai ji. Labarin da ya nuna mai shan inna ya taka garwashi bai sani ba ya haɗa cuta biyu a jiki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara kusan 200 da suka kamu, ɗaya ne ke samun shanyewar da ba ta warkewa. Mu a arewa mun san wannan ciwo sani na haƙiƙa, mun san cece-kucen allurar rigakafi na 2003, mun kuma ga ranar 25 ga Agusta, 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna ƙera kekuna, suna buga ƙwallo a kan allon taya, suna aure suna haihuwa. Sau nawa muka ga ɗayansu ya zama jarumin labari, ba mabaraci a bakin danja ba?

Ga wani abin da ya kamata kowane marubuci ya sani. A gindin ƙwaƙwalwa, mafi yawan zaren umarni suna tsallakawa ɗaya ɓangaren. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke juya hannun dama da ƙafar dama, na dama kuma ke juya hagu. A wajen yawancin mutane, cibiyar magana tana ɓarin hagu. A 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya duba wani mara lafiya da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, wanda ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓar kalma guda, duk da yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar da rauni a gaban ɓarin hagu. Daga baya, wajen 1937, Wilder Penfield a birnin Montreal na Kanada, yana yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, ya riƙa taɓa sassan ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki yana lura da gaɓar da ta motsa. Ya gano cewa hannu da baki sun cinye fili mai yawa, fiye da gangar jiki gaba ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mai shanyewar ɓarin jiki kan koma tafiya amma ɓalla maɓallin riga ya ci gaba da gagararsa.

Dubi irin labarin da ke cikin wannan ilimi. Alhaji ya faɗi, damansa ta shanye, magana ta ɗauke, amma kunnensa da hankalinsa garau. 'Ya'yansa na zaune a gabansa suna lissafin gidaje da filaye, sun ɗauka ba ya ganewa. Amaryar da kowa ke zargi ita kaɗai ta lura idonsa na bin mai magana. Hannun da zai rubuta wasiyya da shi shi ne ya mutu, kuma sau da yawa ciwon da ya ɗauke magana yakan taɓa rubutu ma. Wane boka za ka kawo a labari da zai ba da tashin hankalin da ya kai wannan?

Sai jijiyoyin da suka riga suka fita daga laka suka bazu cikin gaɓoɓi. Kowace da unguwar da take mulki, kuma rauninta na da kamanninsa. Akwai wadda ke zagaye ƙashin dantse. Idan ƙashin ya karye ya taɓa ta, ko mutum ya yi barci mai nauyi ya rataya hannu a kan kujera, sai wuyan hannu ya faɗi ya kasa ɗagowa. Akwai wadda ke bayan gwiwar hannu, wadda idan ka buge ta kake jin kamar wutar lantarki har ƙaramin yatsa. Ita kuturta ke yawan kamawa, yatsu biyu na ƙarshe su ƙanƙame. Kuturta ba ta cin yatsu da kanta kamar yadda ake faɗa. Ji take kashewa, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, miki ya ruɓe, yatsa ya gajarce a hankali. Tun 1873 Gerhard Hansen ya gano ƙwayarta a ƙasar Norway, maganinta na wata 6 zuwa 12 ne, kuma kyauta ake bayarwa tun 1995. Ciwon suga da ya daɗe shi ma yana kashe jin tafin ƙafa ta irin wannan hanya.

Babbar jijiyar saƙo a jiki ita ce ke ratsa mazaunai ta gangara bayan cinya. Allurar da aka soka a inda bai dace ba tana iya samunta, yaro ya tashi yana jan ƙafa, tafin na faɗuwa yana shurin ƙasa, a gida a ce shan inna ne ko an taka wani abu. Doguwar naƙuda ma tana haifar da irin wannan jan ƙafa, domin kan jariri na danne jijiyoyin da ke cikin ƙugu, shi ya sa ake ganinsa a wajen wasu masu yoyon fitsari. Jaririn da kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa kan fito da hannu ɗaya a sake, tafin na kallon baya. Ɗorin da aka ɗaure tamau da kara har yatsu suka kumbura suka yi sanyi yana iya kashe jijiya da tsoka cikin sa'o'i. Duk waɗannan a unguwanninmu suke faruwa, kuma kowane ɗaya labari ne da ke jiran mai rubuta shi.

To, ana warkewa? Nan ne marubuci ke buƙatar kalanda. Jijiyar gaɓa tana tohowa, amma tafiyar hawainiya take yi, kusan milimita ɗaya a rana, wato kamar inci ɗaya a wata. Idan danne ta kawai aka yi, tana iya farfaɗowa cikin kwanaki ko makonni. Idan wuƙa ta raba ta biyu, sai likita ya ɗinke bakin da baki, sannan a fara ƙirga. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa tafiyar kusan wata shida ce. Tsokar da ta wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu saƙo kuwa da wuya ta dawo, ko da jijiyar ta iso daga baya. Laka da ƙwaƙwalwa ba sa tohowa haka. Wanda lakarsa ta yanke gaba ɗaya ba ya miƙewa don ya ji guɗar ɗaurin aure. Christopher Reeve, ɗan wasan Amurka da ya fito a fim ɗin Superman, ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karya wuya. Duk da kuɗi da manyan likitoci, a keke ya rayu da na'urar numfashi har ya rasu a 2004. Idan kana son jaruminka ya sake takawa, ka sa raunin ya zama laka ta ƙuje ko ta matse, wani sashe nata ya tsira. Sannan ka ba shi watanni na gashin ƙashi, da faɗuwa, da fushi, da ranar da babban yatsan ƙafarsa ya motsa kaɗan har mahaifiyarsa ta kasa yarda da idonta. Ko da ƙafar ta samu saƙo, wanda ya shekara biyu a zaune tsokarsa ta zube, ba zai tashi da gudu ba.

Akwai kuma abin da labarai ke tsallakewa saboda kunya ko rashin sani. Raunin laka yana taɓa fitsari da bayan gida da kwanciyar aure. Mai kwance sai an riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da diddige ta mutu ta zama gyambo. Kafin likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne ke kashe yawancinsu. Wasannin da ya fara shirya musu a 1948 su ne suka zama gasar nakasassu ta duniya. Wa ke tashi ƙarfe biyun dare ya yi juyin a gidan jaruminka? Matar da aka aura wata uku da suka wuce? Ƙanwar da aka cire daga makaranta? A nan ake gane soyayya, kuma ana iya rubuta shi cikin sakaya da mutunci.

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce: ƙagaggen labari muke rubutawa, ba littafin koyon likitanci ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a cika shafi da sunayen jijiyoyi ba. Amma marubucin da ya sa jarumarsa ta tashi daga Kano zuwa Sakkwato a mota cikin minti talatin, masu karatu za su yi masa ca. Jiki ma yana da nasa nisan. Wasu kuma za su ce ai Allah mai iko ne a kan komai, kuma sihiri gaskiya ne. Babu mai musun ikon Allah, kuma ba mu zo cire addu'a daga labari ba. Addinin da ya koya mana addu'a shi ya umurce mu da neman magani. Abin da muke tsoro shi ne sabo. Idan duk wanda ya shanye a littafi azzalumi ne ko an jefe shi, me yarinya za ta ɗauka game da kakanta mai hawan jini da ya faɗi a masallaci? Hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma ba ya tambayar halin mutum. Ga wanda ya nace sai an yi warkewar farat ɗaya, akwai ƙofa ta gaskiya: likitoci sun san wani yanayi da firgici ko tsananin damuwa ke sa gaɓa ta daina motsi alhali jijiyoyin lafiyarsu ƙalau. Ciwo ne na gaske, mai shi ba ƙarya yake ba, kuma yana iya sakin mutum da sauri. Sai dai ka shuka alamunsa tun farkon labari.

Fage ɗaya da aka rubuta daidai yana iya tsirar da rai. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, lokaci ake tsere da shi. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe hanya yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiyar jini ba ce. Ɗura wa mutum ruwa ko rubutu ko kunu a wannan hali haɗari ne, domin haɗiya kan lalace, abin ya zarce huhu. A yi masa tofi a hanyar asibiti. Akwai karkacewar baki da ake ce wa bugun iska, wadda jijiyar fuska ce kawai ta kumbura, mai ita ba ya iya ɗage gira ko rufe idon wannan ɓarin, kuma yawanci tana warkewa cikin makonni ko watanni. Amma bambance su aikin likita ne. Haka a wajen hatsari: ɗaukar mutum hannu da ƙafa a naɗe shi cikin adaidaita sahu na iya ƙarasa lakar da ta rage. Ka sa wani a labarinka ya daka tsawa ya ce a riƙe kansa, a nemo ƙyauren ƙofa ko katako a kwantar da shi a miƙe. Ba wa'azi ka yi ba, amma dubban masu karatu sun gani.

Saboda haka kafin ka rubuta wannan babi, amsa wa kanka tambayoyi huɗu. A ina raunin yake: ƙwaƙwalwa, laka, ko jijiyar gaɓa? Me ya tafi, me ya rage: motsi, ji, magana, riƙe fitsari? Wata nawa labarinka zai ba shi? Wa ke jinya, kuma me jinyar ta ci masa? Idan amsa ta gagara, matambayi ba ya ɓata. Akwai sashen gashin ƙashi a asibitin ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma da wuya ka rasa ma'aikacin jinya ko ɗalibin likitanci a cikin wannan zaure namu. Mafi kusa ma, akwai mai irin wannan lalura a kusan kowace unguwa. Ka je da sallama, ka nemi izini, ka saurara fiye da yadda za ka yi tambaya, kuma kada ka fitar da sirrinsa.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: rubuta fage ɗaya, kada ya wuce kalma 300, na mutumin da damansa ta shanye yana ƙoƙarin cin tuwo da hagu a karon farko, baƙi na zaune. Kada ka ambaci sunan ciwon ko sau ɗaya. Za mu karanta, mu yi wa juna gyara kamar yadda muka saba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.